Ku Tambayi Likita: Inhela na zama jaraba? Baƙar fata na buƙatar man kariya daga rana?

Assalamu alaikum masu karatu. Hunturu ya kawo kai, kuma da ƙura ta fara tashi saƙonnin asma ne ke cika mana waya, sai na fata su biyo baya. Na zaɓo waɗanda aka fi maimaitawa.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ɗana ɗan shekara 9 yana da asma tun yana ƙarami, toh kwanan baya ta tashi mishi cikin dare muka kaishi asibiti aka bamu inhela guda biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, akace mai ruwan ƙasan kullum safe da yamma ko lafiyarsa ƙalau. Matsalar kakarsa ta hana, wai duk yaron da ya saba da inhela shikenan ya zama ɗan asma har abada gara a bashi sirof, kuma maƙwabciyata tace akwai sitiroyid a ciki yana hana yaro tsayi. Ni dai na rasa na kamawa. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar uwa Allah ya ba yaro lafiya. Hajiya kaka son jikanta ne ya sa ta magana, amma maganar ba haka take ba. Inhela ba ta sa jaraba kuma ba ita ke zaunar da asma a jikin yaro ba. Abin da ke faruwa a wajenmu shi ne ba a yarda a ba mutum inhela sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sai mutane su duba su ga duk mai yawo da inhela ciwonsa ya yi nisa, su ce ai ita ta jawo.

Sirof ɗin da kaka ta fi yarda da shi ma, maganin da ke cikin shuɗiyar ne a ciki, wato salbutamol. Cokali ɗaya na sirof yawanci miligiram 2 ne, fesa ɗaya na inhela kuwa maikirogiram 100, kinga kenan cokali ɗaya ya kai fesa 20. Kuma sirof sai ya bi ta ciki ya shiga jini ya zaga jiki kafin ya isa huhu, shiyasa yake jinkiri, yaro ya dinga rawar hannu zuciya na bugawa da sauri. Na fesawa kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake cikin 'yan mintuna.

Su kuma biyun da aka baku aikinsu daban. Asma kumburi ne a cikin hanyoyin iska na huhu, yana nan ko yaro na wasansa lafiya, kamar garwashi ƙarƙashin toka, ƙura ko mura ko hayaƙin itace ko turaren wuta ko na maganin sauro ne ke hura shi. Shuɗiyar tana buɗe hanyar iska na 'yan awanni ne kawai, kumburin ba ta taɓa shi. Mai ruwan ƙasan ita ce ke maganin kumburin, kuma ba a jin aikinta nan take, sai an jera kwanaki zuwa makonni, shiyasa iyaye da yawa ke cewa ba ta aiki su ajiye ta. Don Allah kar ki ajiye.

Maganar tsayi kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki kuma gara ki ji ta yadda take. An yi wani babban bincike da ake kira CAMP a Amurka da Kanada, yara 1,041 masu asma 'yan shekara 5 zuwa 12, aka raba su, wasu na shaƙar budesonid, sitiroyid mai maganin kumburi irin na mai ruwan ƙasan, kullum na tsawon shekara huɗu zuwa shida wasu kuma ba sa shaƙarsa, aka ci gaba da bibiyarsu har suka girma. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna waɗanda suka shaƙi maganin sun gaza sauran tsayi da kimanin santimita 1.2, kuma a shekara biyun farko ne gibin ya faru, bai ci gaba da ƙaruwa ba. Santimita ɗaya da ɗan ɗoriya fa, faɗin yatsa. A ɗaya gefen kuma ga yaro da ba ya barcin dare, yana fashin makaranta, ana ta gudu da shi asibiti ana dura mishi sitiroyid na ƙwaya ko na allura wanda ya ninka na inhela nesa ba kusa ba. Ni a wurina zaɓin a fili yake. Likitansa zai dinga dubawa, in ciwon ya lafa na wata uku sai a rage yawan maganin.

Abu ɗaya da nake roƙonki, ki duba yadda yake shaƙa. Yara da yawa, manya ma, suna fesawa maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Akwai 'yar roba da ake jona wa inhela maganin ya taru a ciki yaro ya ja a hankali, in ba ki samu a kemis ba ko ta yi tsada, gorar lemo ta roba mai rabin lita ta wadatar. Wannan ba dabarar gida ba ce kawai, an gwada ta: Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town sun gwada a kan yara masu asma, mujallar Lancet ta buga a 1999, suka ga gorar na aiki daidai da wadda ake saya. A huda gindin gorar daidai bakin inhela ya shige ya matse, a girgiza inhelar, yaro ya sa bakin gorar a bakinsa, a fesa sau ɗaya ya ja numfashi biyar ko shida, sannan a sake in akwai na biyu. Bayan mai ruwan ƙasan ya kurkure baki ya tofar don kar farin ƙuraje su fito mishi a baki ko murya ta dishe. Ranar komawa asibiti ki tafi da kaka ta ji da kunnenta, ya fi ki tsaya gardama da ita a gida.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano shekarata 34, Ventolin kaɗai nake amfani da ita tun ina sakandare kuma tana min aiki, kusan duk wata nake sayen sabuwa. Yanzu wani likita yace in koma Symbicort, da naje tambayar kuɗinta sai da na zauna. Tsakani da Allah ba dabarar cin kuɗinmu bace? Abin da ke min aiki me zai sa in canza?

Amsa: Alhaji, gwangwani ɗaya na Ventolin, wato shuɗiyar inhela mai salbutamol, a wata shi ne abin da ya tayar min da hankali a saƙonka. A kowane gwangwani akwai fesa 200. Bincike ya nuna wanda ke shanye uku ko fiye a shekara haɗarin mummunan tashin asma ya ƙaru a kansa, wanda ke kai 12 a shekara kuwa har haɗarin rasa rai ya ƙaru sosai. Kana jin tana maka aiki saboda tana buɗe maka ƙirji, amma kumburin na nan yana cin gaba, kuma yawan fesa ta kullum na sa huhu ya rage jin maganin.

Likitoci ba da sauƙi suka koyi wannan darasin ba. A Niyu Zilan daga 1976 mace-macen asma suka yi tashin da ba a gane dalilinsa ba, sai a 1989 masu bincike a Wellington suka danganta abin da wani maganin buɗe ƙirji mai ƙarfi, fenoterol, da aka yi gargaɗi aka taƙaita shi sai mace-macen suka sauka. Salbutamol ba fenoterol ba ne, magani ne mai ceton rai kuma kar ka yar da shi, amma tun lokacin aka fara tambayar ko daidai ne a bar mai asma da maganin buɗewa zalla.

Amsar ta zo a 2018 da gwaje-gwaje biyu, SYGMA 1 da SYGMA 2, mutum sama da 8,000 a haɗe, masu asma mara tsanani, aka bi su shekara guda. An haɗa budesonid mai maganin kumburi da fomoterol mai buɗe ƙirji da sauri a inhela ɗaya, wato Symbicort ɗin da aka ce ka koma, mutum ya shaƙa sai in ya ji ƙirji ya riƙe. A na farkon, mummunan tashin asma ya ragu da kashi 64 cikin 100 idan aka kwatanta da masu shaƙar maganin buɗewa kaɗai. A na biyun kuma ya yi kunnen doki da shaƙar budesonid kullum wajen hana mummunan tashi, alhali sitiroyid ɗin da ya shiga jikinsu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Zarginka na kuɗi ba zan raina shi ba, don kamfanin AstraZeneca mai yin Symbicort ne ya ɗauki nauyin waɗannan biyun. Sai dai a 2019 an sake wani mai suna PRACTICAL a Niyu Zilan da kuɗin hukumar binciken lafiya ta ƙasar, ba na kamfani ba, shi ma ya goyi bayan haɗin. A shekarar ne GINA, kwamitin duniya da ke fitar da ƙa'idar kula da asma, ya ce a daina barin manya da matasa da shuɗiyar kaɗai.

Tsada kam gaskiya ce, tun da GSK, kamfanin da ke yin Ventolin, ya sanar a 2023 zai daina harka kai tsaye a Najeriya, ga faɗuwar naira, kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabi, kuma abin takaici ne mai asma ya dinga auna numfashinsa da aljihunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, ta kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu inda inhelar kumburi ke wuyar samu. Ka koma wurin likitan ka gaya mishi ƙarfinka ba kunya. Akwai wasu kamfanonin da ke yin haɗin iri ɗaya da sauƙin kuɗi, akwai kuma inhelar kumburi ta beklometason ita kaɗai wadda ta fi araha, ka dinga shaƙarta kullum ka riƙe Ventolin don ko ta kwana. Yadda kake shanye gwangwani a wata, kai mai buƙatar maganin kullum ne, kuma in kumburin ya kwanta kuɗin Ventolin 12 ɗin nan zai ragu sosai. Ka duba lambar NAFDAC kafin ka biya.

In wata rana ta tashi har ba ka iya ƙarasa magana a numfashi ɗaya, ko ka fesa ba sauƙi, ka ci gaba da fesa shuɗiyar ɗaya bayan ɗaya har zuwa 10 ana kan hanyar asibiti, kar a jira gari ya waye.

Tambaya: Inhela tana karya azumi? Ina ramuwa ne kuma sanyi na tayar min da ita.

Amsa: Malamai sun yi saɓani, manya irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun ce ba ta karyawa, wasu sun ce a rama, ki tambayi malamin da kika natsu da shi. Ta ɓangarena, ta kullum ɗin ki mayar da ita sahur da bayan shan ruwa, in kuma ƙirji ya riƙe da rana ki fesa nan take kar ki ce sai magariba.

Tambaya: Anti likita dan Allah man kariya daga rana da ake ta talla a TikTok da Instagram dole ne ga mu baƙaƙe? Ni tun bayan haihuwa kumatuna suka yi baƙi, na ɗan yi shafe-shafen haɗi na wata shida abin ya ƙaru har fuskar na min zafi in na fita. Kuma naji ance man yana shiga jini yana sa kansa. Daga wata ƙanwarku a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata, bari in fara da inda hujjar man nan ta fito. Gwaji mafi ƙarfi an yi shi ne a garin Nambour na jihar Queensland a Ostireliya daga 1992 zuwa 1996, mutum 1,621, rabi aka ce su shafa kullum a kai da wuya da hannuwa, rabi su yi yadda suka saba. Masu shafawa kullum wani nau'in kansar fata ya ragu musu da kusan kashi 40 cikin 100, kuma da aka bi su shekara goma bayan nan, melanoma, wadda ta fi kisa, ta fito sau 11 a cikinsu, sau 22 a ɗaya rukunin. Hujja ce mai kyau. Amma fararen fata ne a ƙasar da kansar fata ta yi katutu. Mu Allah ya ba fatarmu sinadarin melanin mai yawa wanda ke tare kaso mai tsoka na hasken da ke ƙona fata, shiyasa kansar da rana ke jawowa ba ta da yawa a baƙar fata, kuma duk mai tallan da ya ce miki in ba ki sayi kayansa ba kansa za ta kama ki, tsorata ki yake don ya yi ciniki. Melanoma a wajenmu ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu. Baƙin tabo a tafin ƙafa da ke girma ko gyambon da ya ƙi warkewa, wannan shi ne na gudu asibiti.

Ke kuma kina buƙatarsa, don dalilinki daban ne. Baƙin kumatu bayan ciki sanannen abu ne, sauyin sinadaran jiki ne ke kawo shi rana kuma ta ƙara mishi duhu, har hasken da ido ke gani yana ƙara shi a fata irin tamu. Wani gwaji da aka yi a Meziko a 2014 ya nuna mai ɗan launin hoda, wanda aka sa wa sinadarin ayon oksaid, ya fi mara launi taimakawa wajen dusashe irin tabon nan, ga shi ba ya barin fuska fari fat. Ki duba SPF, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin robar man, ki nemi 30 ko sama. SPF 15 na tare kusan kashi 93 na hasken da ke ƙonawa, 30 na tare 97, 50 na tare 98, kinga ba sai kin kashe kuɗi a kan babbar lamba ba, yawan da kika shafa ne ya fi muhimmanci: tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, a sake bayan awa biyu in kina waje, ko bayan alwala da gumi. Man kaɗe da basilin suna da kyau ga kaushin hunturu amma ba sa tare rana.

Maganar shiga jini, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ce ta gwada a 2019, mutum 24 suka shafa sau huɗu a rana a kashi uku cikin huɗu na jikinsu, aka ga wasu sinadaran irin su oksibenzon sun shiga jini fiye da ma'aunin da hukumar ta sa na a ƙara bincike. Ba a nuna sun sa kansa ba, kuma hukumar da kanta ta ce kar a daina shafawa. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki sayi mai zink oksaid ko taitaniyom, su hukumar ta amince da su kai tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin nan da kika shafa. Yawancinsu akwai kulobetasol a ciki, sitiroyid ne mafi ƙarfi cikin na shafawa wanda likitan fata ke bayarwa na ɗan gajeren lokaci a ƙaramin wuri, wasu da haidirokwinon, wasu ma har da makuri mai lalata ƙoda. Shi ke sa fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsage jiki, rana ta dinga ƙuna, in an daɗe ana shafa wa duk jiki har hawan jini da suga yana jawowa. Abin na ci min rai wallahi, a gida ɗaya za ka ga an hana yaro 'yar fesar da aka gwada a kan dubban mutane aka auna illarta har zuwa santimita, amma ana shafa roba guda ta haɗin da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Ki daina, amma ki je wurin likitan fata ya janye miki shi a hankali, don in aka tsaya farat ɗaya fuska kan yi ja da ƙuraje ki ɗauka sai kin koma.

Tambaya: Allah ya bamu 'ya zabiya, yanzu shekararta 4, fatarta ta fara tabo-tabo a wuya da hannu. Mutane sunce mu hanata gishiri. Me ya kamata muyi? Daga wani uba a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya raya ta ya yi mata albarka. Gishiri ba ruwansa, ku bar ta ta ci abincinta da kowa. Rana ce ke yin tabon nan, kuma duk abin da na gaya wa ƙanwarmu ta Kaduna cewa baƙar fata na da kariya, 'yarka ba ta da ita, don zabiyanci rashin melanin ne, gado ne da ke zuwa in uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar ko da su baƙaƙe ne. Ba laifin mahaifiyarta ba ne, in ka ji ana faɗa a dangi ka tsawatar.

A Afirka kansar fata na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke zabiya suna da ƙuruciyarsu, kuma ɓarnar tun yarinta take taruwa, don haka yanzu ne lokacin. Ita kam man kariya magani ne a wurinta, SPF 50, kullum har ranar da hadari ya rufe ko ƙurar hunturu ta dusashe rana, a fuska, kunnuwa, bayan wuya, leɓe, bayan hannu da ƙafa. Nasan da tsada. A Tanzaniya a garin Moshi ana haɗa nasu mai suna Kilisun ana raba wa zabiya kyauta, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man cikin jerin muhimman magunguna, abin da ya kamata ya ba ƙungiyoyin zabiya a Nijar da Najeriya ƙarfin matsa wa gwamnatoci su samar da shi a asibitoci. Ka nemi ƙungiyar zabiya ta yankinku ka yi mata rajista, sukan samu rabo musamman wajen 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya.

Ko da man ko babu, sutura ce kan gaba: riga mai dogon hannu da yadi mai kauri wanda in ka ɗaga shi ba ka hango rana ta ciki, dogon wando, hijabi, da malafa mai faɗi da za ta rufe fuska da kunne. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma wasa a inuwa, aike da ɗiban ruwa a bari sai da sassafe ko yamma lis. Idonta ma na buƙatar gwaji, yawancinsu ba sa gani da nisa, in ta shiga makaranta ka roƙi malaminta ya zaunar da ita a layin gaba nesa da taga. Tabon da suka riga suka fito a kai ta likitan fata ya duba, daga nan a dinga komawa ko sau biyu a shekara, kuma duk wurin da ya yi kaushi yana ɓarewa yana dawowa, ko ƙurjin da ya wuce wata guda bai warke ba, kar a tsaya shafa mishi komai a gida, a kai ta a cire tun yana ƙarami.